Tarihin Kayan Ɗaki a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A ƙasar Hausa namiji ne ke gina ɗaki, ya yi rufi, ya sa ƙyaure, amma ɗakin nan kango ne sai ran da aka kawo amarya da kayanta. Abin kwanciya, da abin zama, da abin da za a zuba tuwo a ciki, duk daga gidan iyayen mace su ke fitowa, kuma nata ne, ba na miji ba. Wannan al'ada ta daɗe ƙwarai, har yanzu kuwa tana nan. Abin da ya sāke shi ne irin kayan, da wurin da a ke sayensu, da wanda nauyin sayen ya ke bisa wuyansa. A kudancin ƙasar Katsina, watau wajen Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Danja da Kafur, ana iya bin sawun wannan sauyi daki-daki, gama cinikin auduga da jirgin ƙasa ne suka kawo shi, an kuwa san shekarun zuwansu.

Zamanin wuri

Kafin zuwan Turawa, yawancin abin da ke cikin ɗakin mace a ƙasar nan a ke yinsa, da abin da gona da daji suka bayar. Gado na kara ne, karan dawa kuwa ba ya wuya a ƙasar da dawa ce abincinta. Wasu su kan gina gadon ƙasa, su bar rami a ƙarƙashinsa inda za a zuba garwashi lokacin hunturu. A bisa gadon a kan shimfiɗa tabarmar kaba. Tufafi a cikin adudu a ke ajiye su. Masassaƙi shi ke kawo turmi da taɓarya da akushi da kujera 'yar tsugunno, ya kan nemi icen ƙirya domin turmi saboda ƙarfinsa. Maginiya ta kawo tulu da randa da tukunyar tuwo da ta miya. Sauran kuwa ƙwarya ce: ta fura, ta nono, ta awo, ta wanka, da ludayi da mara, waɗansu an yi musu zane an rataye su cikin ragaya don ado. In ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, sai a kai wa gyartai ya ɗinke.

Abu guda ne a cikin ɗakin da a kan kawo daga nesa, shi ne tasa. Maƙeran farfaru na Bida da na Kano su ke ƙera ta, fatake su kawo, a saya da wuri mai yawa. Macen da ta jera tasa uku ko huɗu a zamanin nan, kowa ya san 'yar masu hali ce. Tasa ba ta fashewa, gara ba ta cinta, in ta yi duhu a goge ta da toka da tsamiya ta koma sabuwa. Saboda haka uwa kan bar wa 'yarta, ita kuma ta bar wa tata. Ran da yunwa ta zo, ko aka kama wani ɗan'uwa ana neman fansa, sai a fid da ita a ba dillaliya.

Wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa, bisa hanyar Zariya zuwa Funtuwa, cikin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci cikin 1954. A cikin labarin ana ganin yadda dangi mata da ƙawaye su ke haɗa gudummawa ga bikin junansu tun zamanin ƙuruciyarta. Ashe dai tun can da ba mutum ɗaya ke cika ɗakin amarya ba.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da shari'a ta ce, domin mutane da yawa su kan gama ta da al'ada. A littafin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da shi, an wajabta wa mace ta yi wa kanta kayan ɗaki gwargwadon al'adar garinsu da sadakin da ta karɓa kafin tarewa. Ba a ɗora mata fiye da abin da ta karɓa ba. In kuma miji da mata suka yi jayayya a kan kayan gida, babu shaida, abin da aka san na mata ne a kan ba mace bayan ta rantse, abin da aka san na maza ne a ba namiji. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan, na tsada da na gasa, al'ada ce ta kawo shi.

Auduga da jirgi

Mutanen kudancin Katsina sun iya noman auduga tun kafin su ga Bature, mata na kaɗi, maza na saƙa, ana rini a karofi. Amma masaƙun Lankasha a Ingila suna son auduga mai dogon zare, saboda haka cikin 1902 suka kafa wani kamfani a Mancesta, wanda aka fi sani da B.C.G.A., don ya nemo musu ita. Wajen 1912 aka shigo da iri ɗan Amurka mai suna Allen, ya kuwa karɓi ƙasar nan mai laka da isasshen ruwan sama. Aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Har yanzu akwai unguwa a Funtuwa da a ke kira da sunan kamfanin. Tsakanin 1927 da 1929 aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta tsaya a Ƙaurar Namoda. Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska, ta zama tasha babba. Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ba ta sami jirgi ba, sai motocin lori ke ɗaukar dilolinta.

Jirgin da ya tafi da auduga ba ya komowa wofi. Kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt suka buɗe kantuna, Yarabawa da mutanen Gabas suka biyo hanyar jirgin suka kafa tireda. Wuri ya riga ya mutu, kuɗin Bature ya maye gurbinsa: fam, da sule, da sisi, da taro, da kwabo, da anini. Manomi ya kan kai audugarsa kasuwar auduga da kaka, a duba ta a ba ta lamba, a ɗora bisa sikeli, a ƙirgo masa kuɗi a hannu. Ya fid da haraji, ya biya bashin bazara, sa'an nan abin da ya rage shi ne na tufafi da na aure. Wannan ne ya sa bukukuwa suka fi yawa bayan an buɗe sikeli, masu kanti kuma suka san watan da za su cika rumfunansu.

Abin da ya fara shiga ɗakin mace daga kanti shi ne kwano mai fenti. Da fari daga Turai a ke kawo shi, musamman ƙasar Cekoslobakiya, daga baya na Hongkong ya cika kasuwa saboda araha. Yana da sauƙin wanki, yana da fure ja da shuɗi da rawaya, ba ya tsagewa kamar ƙwarya, kuɗinsa kuwa bai kai na tasa ba. Mata suka raɗa wa kowane iri suna: ga langa mai murfi, ga samira da ke zuwa jeri babba da ƙarama, ga kwalla, ga fanteka. Da aka ga yawan abin da a ke saye, sai waɗansu attajiran Hongkong suka zo suka kafa masana'antarsa a ƙasar nan, a Ikeja cikin 1960, daga baya kuma a Kano.

Yadda a ke sayen kwanon nan abin lura ne. Ba a rana ɗaya a ke yinsa ba. Tun yarinya tana shekara bakwai ko takwas uwarta ke farawa. Uwa tana cikin gida tana fura, ko ƙosai, ko ƙuli-ƙuli, ko kaɗi, yarinya na kai talla, riba kuwa a jefa a asusu ko a zuba adashi. Ran da kwasa ta zo kanta, sai ta aiki wata tsohuwa kasuwa, ko dillaliya ta shigo da kaya har tsakar gida. A ɗaga langa a duba ƙasanta, a shafa bakinta ko fenti ya ɓantare, a ƙwanƙwasa a ji ƙara, a gwada murfi. A taya, mai kaya ta ce albarka, a ƙara taro, har a daidaita. Sa'an nan a naɗe ta cikin tsumma a tura ƙarƙashin gado, ba mai ganinta sai bayan shekara shida ko bakwai. Da yayyafi kogi kan cika. Ran biki kuma ƙawayen uwa su kawo nasu, kowace ta ninka abin da aka kai mata a nata bikin, ana riƙe da lissafin a ka, ba a mantawa.

Ran jere, gwaggwanni da innoni da yayyen amarya su ke zuwa gidan ango su share ɗaki su jera kayan. A kan ɗora kwano bisa kwano daga ƙasa har kusa da rufi, a manna faranti a bango. Matan unguwa su shigo kallo, suna sa albarka da baki, suna ƙirga da ido. Wadda kayanta suka kasa ta kan sha gori wurin kishiya ko dangin miji shekara da shekaru, shi ya sa har aro a kan yi a cika ɗaki, bayan kwana bakwai a mayar a ɓoye. Galibin kwanonin nan ba a taɓa cin abinci a cikinsu. Baƙo ya kan yi mamaki, ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Bai gane ba ne. Matar ƙauye a zamanin nan ba ta da banki, kuɗin hannu kuwa miji ko ɗan'uwa na iya ranta ya ƙi biya. Kwanon da ba a ci a ciki ba sabo ne, ko yaushe dillaliya za ta karɓa. Da shi a ke sayen magani, da shi a ke sayen tunkiya, da shi a ke fara jeren 'ya. In aure ya mutu, mace ta kwashe abinta ta bar ɗaki kamar yadda ta same shi, sanin haka kuwa ya kan sa miji ya yi tunani kafin ya yi furuci.

Gadon ƙarfe da kafinta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin auduga ya ƙaru. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, cikin 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa, ana yanka farashi tun kafin a buɗe kasuwa. A wannan zamani ne gadon ƙarfe ya yaɗu. Da ma sarakuna da attajirai da ma'aikatan En'e ne ke da shi, sai ga shi ya isa ɗakin 'yar manomi. Wanda aka fi so shi ne mai rumfa, mai sanduna huɗu, wanda a kan ɗaga ƙafafunsa bisa duwatsu ko gwangwani don ya yi tsawo a sami wurin ajiya a ƙasa. A ɗora masa katifar audugar rimi, wani lokaci biyu ko uku, da matasai masu ado. Sau da yawa gadon nan ma na kallo ne, mai shi a tabarma ta ke kwana. Cikin 1959 waɗansu Kwarori, iyalin Moukarim, suka buɗe ma'aikatar gadajen ƙarfe da kujeru a Kano. Daga Ikko kuma ga gadon Vono, cikin 1962 kuma aka kafa kamfanin Vitafoam mai yin katifar soso, wadda a hankali ta kori ta rimi.

Gadon ƙarfe ya sāke har siffar gini. Kago zagayayye ne, ƙofarsa kuma ƙanƙanuwa, abu mai kusurwa huɗu ba ya zama a cikinsa sai ya cinye wuri. Ga kuma kabad mai gilashi ya zo, wanda a ke jera kwano da tangaran a ciki, shi ma bango miƙaƙƙe ya ke so. Saboda haka mai shirin aure ya kan gina ɗaki mai kusurwa huɗu, in da hali ya rufa da kwano ya dāɓe da siminti, dangin amarya ma su kan aiko a auna ɗakin kafin su sayi kaya.

Kafinta shi ma baƙo ne. Masassaƙi da gizago ya ke fafe gungume guda, kafinta kuwa katako ya ke yankawa ya haɗa da ƙusa. Katakon daga kurmi ya ke zuwa cikin jirgi, wani daga Sapele inda U.A.C. ke da babbar ma'aikatar katako. Kafintocin fari a garuruwan tasha galibinsu mutanen Kudu ne, sai kaɗan da suka koya a ma'aikatar En'e wurin yin benci da tebur na makaranta da ofis. Da rikicin 1966 ya sa mutanen Gabas suka koma gida, yaran da suka yi musu aiki suka riƙe sana'ar, daga nan ta zauna a hannun 'yan ƙasa.

Zamanin Naira

Ran 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule, fam guda ya zama Naira biyu. Kuɗin man fetur ya shigo, cikin 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji. A wannan shekarar kuma aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aka yi hanyoyin ƙauye, aka kawo takin zamani da irin masara, har masara ta shiga gaban auduga wurin kawo kuɗi. Motar da ta shiga ƙauye ɗaukar buhuna ita ce ta shiga da gadon katako mai fomeka, da madubi, da kujerun kushin, da leda ta shimfiɗa a ƙasa. Gadon ƙarfe ya zama na tsofaffi. Kwano mai fenti ya ja baya, tangaran da kular abinci da tukwanen alminiyam suka hau kabad.

A nan ne nauyi ya sauya wuya. Langa ana sayenta ɗaya-ɗaya da ribar ƙosai, amma gado da sif da kujeru tare a ke sayensu, a biya kafinta rabi ya fara, a cika masa ran ɗauka. Wannan ya fi ƙarfin asusun uwa. Sai al'ada ta raba aikin: uba ya yi kayan katako da katifa, uwa ta yi kayan girki da na jere. Uban da ke da 'ya'ya mata uku ko huɗu ya kan sayar da masarar da ya kamata ya ajiye har bazara ta yi tsada, ko ya sayar da shanun huɗa, wani har ya jinginar da gona. Malamai sun yi ta wa'azi a kan haka, suna tuna wa mutane abin da littafi ya ce, amma gorin mata ya fi wa'azi shiga kunne.

Cikin 1986 gwamnati ta rushe hukumar auduga, ta kuma karya darajar Naira. Manomi ya rasa tabbataccen farashi, duk abin da a ke kawowa daga waje kuma ya hau. Shekara guda bayan haka, ran 23 ga Satumba 1987, aka fid da Jihar Katsina daga ta Kaduna. Gasar ɗaki ba ta ragu ba ko kaɗan. Finafinan Hausa da aka fara yi a Kano daga 1990 suka nuna wa 'yan matan ƙauye falon birni, daga baya wayar hannu ta kawo hoton gadajen Dubai da Turkiyya da Sin, har yarinya ta kan miƙa wa kafinta waya ta ce irin wannan ta ke so. Masu hali su tafi Kano ko Kaduna ko Zariya su sayo, sauran kuwa kafintocin Funtuwa da Malumfashi su kwaikwaya musu. Da nauyin ya yi yawa har aure ya gagari waɗansu, gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba cikin 2012, abin da ta fi bayarwa kuwa shi ne gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Cikin 2023 aka janye tallafin man fetur aka saki Naira, kuɗin soso da fenti da ƙusa da na mota suka sāke tashi.

Ba a musun cewa ɗakin ya fi na da daɗin zama. Katifar soso ta fi gadon kara, kujera ta fi dāɓe ga mai ciwon baya. Amma akwai abin da mace ta rasa wurin musayar. Katakon kirki irin su maɗaci ya yi wuya, yawancin gadajen da garin katako a ke yinsu, wanda aka matse da gam aka lulluɓe da abu mai sheƙi. Ruwan damina ɗaya in ya shiga ƙarƙashinsa sai ya kumbura, in an kwance shi sau biyu ƙusa ba ta ƙara kamawa, yayi kuma na wucewa cikin 'yan shekaru. Tasa ta kan kai jika, langa ta kan koma hannun dillaliya da kusan kuɗinta, amma gadon da aka sayar da buhunan masara aka saya, ran da mace ta so fid da shi, abin da za a taya bai kai rabi ba. Ga kuma kuɗin motar ɗauka in zama ya ƙi. Wannan ne ya sa waɗansu iyaye masu hangen nesa su kan rage kujeru, su saya wa 'yarsu keken ɗinki, ko 'yan kunnen zinariya, ko tunkiya biyu a bar ta wurin dangi.

Daga 2019 zuwa 'yan shekarun da suka biyo, 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, mutane suka gudo cikin garuruwa, waɗansu Funtuwa, waɗansu Malumfashi. Mai gudu da dare da goyo a baya abin da kai zai ɗauka kaɗai ta ke ɗauka. Tukunya da 'yan kwanoni da tabarma an ƙulle su cikin zane an fito da su. Gado da sif da madubi, waɗanda uba ya sayar da amfanin shekara guda ya saya, can aka baro su a ɗakunan.